Malam Inuwa da Kwanon Ciyayya

Makon jiya na leƙa ɗakin aikinmu na dā, na tarar da ɗalibai huɗu da aka turo koyon aiki sun kewaye kwanon wake suna ta dariya. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai tabarau, yana tsintar waken da yatsu biyu yana jefawa a gwangwani yana cewa, "Wai wannan shi ne aikin? Duk karatun da na sha don in koya wa tsoho tsintar wake?" Bai san ni ba, ya ɗauka cikin tsofaffin nake. Ban yi masa musu ba. Na ciro wandon gwaji da ke rataye a ƙusa tun zamanina, na ce ya zura a kan nasa, ya mai da hannun dama baya, ya ɗaure mazagin da hannu ɗaya. Ya ja nan, can ya zame. Ya sunkuya zai sa haƙori, bakinsa bai kai ba. Sai da ya yi gumi sharkaf, wandon kuma ya sulale ƙasa abinsa. Saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan.

Aikinmu ba shi da suna a bakin mutanen gari. A takarda da Turanci yake, 'yan asibiti su gutsure shi su ce O.T., amma daga Ƙofar Nassarawa har bayan Dala masu gashi ake ce mana, a haɗa mu da maƙwabtanmu masu motsa gaɓoɓi. Ba na jin haushi, sai dai aikin ba ɗaya ba ne. Mai gashi yana neman hannu ya ɗagu. Mu kuma tambayarmu, in ya ɗagun me zai yi? Hawan jini ya kayar da mutum ɓarin jikinsa ya shanye, ko mota ta karya shi, ko wuta ta ƙone shi, likita ya yi nasa ya sallame shi. To daga nan wa zai koya masa yadda zai sa riga, ya kama buta, ya zagaya ba a riƙe da shi ba, ya koma bakin sana'arsa? Nan muke shigowa. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina wannan aiki kafin in ajiye.

Aikin farko da na yi wani maɗaurin fata ne, kuma sau uku ana dawo mini da shi. Mahaifina baduku ne a Madabo, a gabansa na tashi ina yankan fata ina ɗinkin kube da jaka. Wata rana wata mata ta zo rumfarmu da hannun mutum zane a jikin kwali. Ta ce ita ma'aikaciyar asibiti ce, sunanta Hajiya Mairo, tana neman wanda zai ɗinka mata abin da zai riƙe wannan hannu a miƙe. Baba ya turo ta wurina. Na zauna na zuba masa ɗinki har da 'yar kwalliya a gefe. Washegari ta dawo da shi. Na gyara, ta sake dawowa. A karo na uku ta kama hannuna ta ɗaura mini shi, ta ce kada in cire sai la'asar. Da na kwance sai ga jan layi a fatata inda bakin ɗinkin ya kwanta.

"Kai ka ji zafi ka sosa," in ji ta. "Mai wannan hannun ba ya jin komai. Ɗinkinka zai ci shi har ya zama gyambo bai sani ba. Juya ɗinkin waje, ka kuma bar kwalliyar nan, ba gidan biki za shi ba."

Na huɗun ya yi, kuma shi ya kai ni asibiti. Shekara shida na yi a ƙarƙashinta kafin a tura ni kwas in dawo da takarda. Hajiya Mairo ba ta da yawan fara'a, dokarta kuma guda ce: kada ka taɓa hannun mutum sai ka tambaye shi yadda yake wuni. Tun daga asuba take farawa. Da me kake alwala, buta ko famfo? A ina kake zama, tabarma ko kujera? Bayan gidanku na tsuguno ne? Da wa kake cin abinci? Wa ke jiranka a waje? Littattafan da ta karanto a ƙasar waje duk mutanen cikinsu a kan tebur suke ci, ƙofofinsu kuma keken marasa lafiya yana shiga a sake. Takan buga littafin da yatsa ta ce, "Garba, wannan bai taɓa shiga lungu ba. Ka karanta shi, amma ka bi mutum gidansa."

Kayan aikinmu ba sa burge baƙo. Almakashi mai ƙarfi, wuƙar dukancin da na taho da ita daga gida, basilla, tukunyar ruwan zafi, sai wata roba mai faɗi da ake kawo mana daga waje. In ka tsoma ta a ruwan zafi sai ta yi laushi kamar dafaffiyar ganda, ka lanƙwasa ta a jikin hannun mutum, ta huce ta ƙame a haka. Sauran duk kayan gida ne: buta, tabarma, carbi, riga mai maɓalli, wandon nan mai mazagi, yumɓu, da waken da kuke wa dariya. Wanda kuka gani yana tsintar wake, da lemon tsami ya fara, ya koma dabino, sannan gyaɗa mai ɓawo. Tsakanin lemon da waken akwai wata uku ko huɗu na zuwa da komawa.

Akwai wata mai tuyar ƙosai a Ƙofar Nassarawa da kaskon mai ya kife mata a hannu. Ƙuna in tana warkewa jan fata take yi, in aka bar ta sai yatsu su haɗe su dunƙule. Na yi mata abin da zai raba su ya riƙe su a buɗe. Kullum ina miƙar da su tana zagina ƙasa-ƙasa, in na gama ta ce in yi haƙuri. Ita ba ta damu yatsun su miƙe sarai ba, abin da take son sani shi ne ko za ta sake riƙe cokalin tsamar ƙosai. Na sa ta zo da shi, na naɗa wa mariƙinsa robar taya har ya yi kaurin da hannunta zai iya rufewa a kai. Ranar da ta koma bakin kasko sai ga ƙosai mai zafi an aiko mana, da yaji a gefe.

Wani mai A Daidaita Sahu kuma ya karye a baya, danginsa suka haɗu suka saya masa keken marasa lafiya sabo fil. Kafin su kai shi gida na je da igiya na auna lungunsu. Keken ya fi lungun faɗi da tafin hannu guda. Muka kai wa mai walda ya tsuke shi, kafinta ya yi mana gangare a dokin ƙofa da kujerar katako mai rami ta bayan gida. Wannan kujerar ita ya fi yi mini godiya a kai, don ita ta raba shi da ɗaukar da ƙannensa ke yi masa sau uku a rana.

Sai shekarar da komai ya haɗe mana. Robar nan da ake kawo mana daga waje ta ƙare, aka ce za a kawo, shiru. Damina ta yi ƙarfi, rufin ɗakin ya dinga yoyo har muka koma aiki a baranda. Ana cikin haka ciwon ƙafa ya kwantar da Hajiya Mairo, ta ajiye aiki ta koma wurin 'yarta a wani gari. Aka bar ni ni kaɗai da benci cike da mutane tun safe. Na koma yankan jarkokin man girki, ina gasa su a kan risho ina lanƙwasawa, ina shimfiɗa musu soso da fata ta ciki. Wannan bai dame ni ba, ɗan baduku ne ni. Abin da ya lalace tambayar nan ce. Ga layi har bakin ƙofa, wa zai tsaya tambayar kowa yadda yake wuni? Sai na fara duba hannu ina ƙyale mai hannun.

A wannan shekarar aka kawo Malam Inuwa, maɗinkin manyan riguna a Dala. Bafulatani ne siriri, ya haura sittin, maganarsa ƙasa-ƙasa. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ta dawo da wuri, yana takawa da sanda. Hannun ne a rataye, wuyansa a langaɓe, yatsun suna ɗan motsi in ya yi yunƙuri. Na duba na tuna abin da littafi ya ce, in hannu ɗaya ya gaza a koya wa ɗayan. Ga hagu lafiya lau. Na ba shi cokali da wani kwano mai roba a gindi don kada ya zame, na koya masa ci da hagu. Mako uku ya ƙware, hannun maɗinki ba ya ɓata lokaci. Duk abin da na ce sai ya ce, "To, likita," don a wurinsu duk mai farar riga likita ne. Ya ci shinkafa a gabana ko ƙwara ɗaya bai zubar ba. Na rubuta a katinsa cewa yana ci da kansa, na sallame shi. Ya yi mini addu'a doguwa har da iyayena, ni kuwa na wuni ina jin daɗin kaina.

Bayan wata biyu matarsa, Hajiya Ladi, ta zo ita kaɗai. Ta jira har benci ya watse, sannan ta kwance wani ƙulli a gabana. Cokalin ne da kwanon, ƙal kamar ranar da na bayar.

"Malam ya ce a dawo muku da kayanku, wani ya amfana."

"Sauƙi ya samu ke nan, Hajiya?"

Ta ce, "Malam ba ya cin abinci, likita. Kunu kawai, shi ma sai na saki labule na ba shi a baki. Soro ma ya daina fita."

Washegari da la'asar sakaliya na tafi Dala. A Daidaita ya sauke ni a bakin titi, na ƙarasa da ƙafa ina tambaya. Na same shi a ɗaki a kan buzu, ya rame har hula ta yi masa yawa. Hannun dama yana ɓoye cikin riga. Da na ciro shi na tarar yatsun sun dunƙule sun yi tauri, ɗan motsin da na gani da farko ya kusa tafiya. Wata biyu ba wanda ya nemi komai a wurin hannun nan, kuma ni ne na fara sallamarsa.

"Baba, me ya faru? Ai ka iya, a gabana ka ci."

"Na iya, likita. Ka koya mini da kyau, Allah ya saka da alheri."

"To me ya hana?"

Aka kira Magariba muka yi salla, shi a zaune. Muna idarwa muka fara jin ƙarar kwanuka da muryoyin maza daga soro. Ku da kuka tashi a sababbin unguwanni ba lalle ku san ciyayya ba. A lungunsu, in an idar da Magariba kowane magidanci ana fito da tuwon gidansa, a jera a soro ɗaya, a zauna a ci kwano bayan kwano, kowa hannunsa a ciki. Soron gidan Malam Inuwa ne wurin tun zamanin mahaifinsa. Su bakwai ne, sun kusa shekara arba'in a haka, kuma har ranar ana fitar da tuwon gidansa a ci babu shi.

"Ka ji su?" in ji shi. "Malamai sun zo sun ce mai lalura yana da rangwame, ya ci da hagu ba laifi. Na sani, ni ma na yi karatu. Tsakanina da Allah babu damuwa. Amma kwanon can ba nawa ba ne ni kaɗai. Kowa ya san aikin da hagu take yi. In na tsoma ta a tuwon mutane ba wanda zai ce uffan, za su ci gaba da ci don kara. Wannan karar ce ba na so."

"A zuba maka naka daban mana, Baba, ka ci da cokali."

"A gefe, kamar mai cutar da ake gudu? A soron ubana?" Ya ci gaba da cewa, "Akwai wani Babarbare a cikinsu, Modu. Ka san mu da Barebari, wasa ne tun kakanni. Tun muna samari bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bafulatani, sai tsiya iri-iri, ni ma ba na raga masa. Da na kwanta ya shigo duba ni, ya tsuguna a nan inda kake ya ce, sannu Malam, yaya ƙarfin jiki? Tun ranar na ce a saki labule."

Na tambaye shi dalilin da bai gaya mini haka ba tun a asibiti. Ya ce, "Kana ta ƙoƙari, ga mutane suna jiranka. Yaya zan ce maka aikinka bai yi ba?" Wato ni ma kara ya yi mini, mako uku cur. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji a wurin aiki ba. Ni da na tashi a gidan da in ka miƙa hagu a kwano sai ka ji ƙotar basilla a bayan hannunka, ni ne na zauna ina koya wa dattijo ci da hagu ina yaba kaina. Tambaya ɗaya ce na tsallake, da wa kake cin abinci.

"Baba," na ce, "ba zan yi maka alkawarin allura da zare ba. Amma loma, mu gwada."

"Da dama?"

"Da dama."

Abin da na fara yi buɗe yatsun ne, da ruwan ɗumi da miƙarwa a hankali, sau uku a mako in na tashi daga aiki, sauran ranakun na koya masa ya yi wa kansa. Sannan na yanko bangon jarka na yi masa abin da zai tallafi wuyan hannun. Ku gwada yanzu: ku saki wuyan hannunku ƙasa ku damƙi wani abu, za ku ji ba ƙarfi. Ku ɗaga shi sama, yatsun za su nemi rufewa da kansu. Wannan nake nema. Amma dole abin ya tsaya a tsakiyar tafi, kada ya kai yatsu ya shiga miyar mutane. Dole ya wanku, kuma dole ya ciru da hannu ɗaya saboda alwala. Sau uku na yanka ina zubarwa, shi ma na huɗu ne ya yi. Hagu kuwa na ba ta aikin dako: ta shiga ta ƙarƙashin babbar riga ta tallabo gwiwar hannun dama ta tura shi sama. Mai kallo ba zai ga komai ba sai dattijo ya ɗan harɗe hannu.

Da yumɓu muka fara, yana gutsura yana mulmulawa. Daga nan tuwon jiya, don ya fi tauri ba ya wargajewa. Sannan sabon tuwo ba miya, kuma sai ya fara kara bayan hagunsa a jikin kwano ya ji zafinsa, don damar ba ta gama jin zafi ba. Sai miyar taushe mai kauri, sai kuka. Kuɓewa muka bari ƙarshe, ita ko mai lafiya takan ba shi kunya.

Babban yaƙin ba da hannun aka yi shi ba, da Hajiya Ladi aka yi. Loma na faɗuwa hannunta ya riga ya kai. Na ce ta bari.

"Haba likita! Shekara arba'in ina zuba wa mutumin nan abinci, yau in zauna ina kallo tuwo yana zuba a rigarsa? Mutane su ce me?"

"Hajiya, duk lomar da kika ba shi, hannun nan kika hana."

"Kai ba ka da tausayi ne?"

Na ce ina da shi, amma in ta ci gaba da nata, shi da soro sai dai ya ji muryoyi. Ta yi fushi da ni kwana biyu, ko ruwa ba ta aiko mini ba. A rana ta uku ta shimfiɗa masa tsohon zane a cinya, ta ajiye kwano, ta fita tsakar gida ta hau wanke tukwanen da ba su da datti. Mutanenmu suna da tausayi ƙwarai, kuma a cikin gidajen da na shiga tausayin nan ya kashe hannaye fiye da yadda ciwo ya kashe. Ba a gaya muku wannan a aji, amma rabin aikinku shi ne ku roƙi masu ƙaunar mutum su janye hannunsu.

A wata na huɗu muka tsaya cak. Yana gutsura, yana dangwala miya, amma lomar tana zuwa daidai haɓa sai ta faɗi. Kwana da kwanaki haka. Har ya yi mako guda yana juya mini baya, in na yi sallama sai Hajiya ta ce Malam yana hutawa. Da ya yarda muka koma, na ɗora kwanon a kan 'yar kujerar tsuguno ta Hajiya don in gani. Sai ga loma a baki. Muka sake, ta sake shiga. Ashe tafiyar ce ta yi wa hannun nisa, daga ƙasa zuwa baki. Amma a soro a ƙasa ake jera kwanuka, kan tabarma.

Na nemi Alhaji Modu a rumfarsa ta turare. Ƙato ne baƙi mai tsage, muryarsa ta cika rumfar. Na gaya masa ina son a riƙa ɗora kwanukan ciyayya a kan ɗan gajeren benci, na nuna masa tsayin da hannu. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Likita, kai yaro ne. In aka sa benci ranar da ya fito zai gane don shi aka sa, ya koma ɗaki, ba za ka ƙara ganinsa ba. Bar ni da su." Ya juya kwalbar turare a hannunsa. "Na je duba shi, ka sani. Na shiga da tsiyata a baki, da na gan shi sai ta ƙi fita. Na ce masa sannu. Tun ranar ba a ƙara barina na shiga ba, kuma na san abin da na yi."

Daga wannan makon Alhaji Modu ya kamu da ciwon baya. Kullum yana nishi a soro, wai sunkuyo yana kashe shi, har ya sa kafinta ya yi benci ya ce wanda ba ya so ya ci a gidansa. Mako uku suna ci a kai suna yi masa tsiyar tsufa, Malam Inuwa yana jin komai ta bango. Har ya taɓa ce mini, yana murmushin da na daɗe ban gani ba, "Ka ji Babarbaren can ya lalace."

Ranar da ya ce zai fita, ya sa Hajiya ta yi tuwon shinkafa miyar taushe, ya kuma ce in zo. Wata takwas ke nan rabonsa da soro. Ya sa babbar riga ɗinkin hannunsa, na ɗaura masa abin hannun, muka fito bayan an idar da Magariba. Na tsaya daga bakin ƙofa. Suna ganinsa hira ta mutu. Aka matsa masa, aka yi gaisuwa a ladabce, aka miƙo ruwa ya wanke hannu. Aka buɗe kwanon gidansa, ga tsoka guda babba a tsakiyar miya. Aka yi bisimilla, amma kowa hannunsa yana jira.

Hagu ta shiga ƙarƙashin riga. Dama ta miƙa ta gutsura, ta dangwala, ta taso tana rawa. Saura kaɗan ta kai, lomar ta suɓuce ta faɗa kan tabarma. Wani ya kau da kai, wani ya fara cewa, "Sannu Mal..." Na ga kafaɗar Malam Inuwa ta sauka, hannun ya fara komawa cikin riga. Na san in ya shige ba zai ƙara fitowa ba.

"Kai, Bafulatani!" Muryar Alhaji Modu ta cika soron. "Wata takwas muna cin tuwon gidanka cikin kwanciyar hankali, yau ka fito kana mana ɓarna? Ku da nono kuka sani, wa ya aike ku tuwo? In ba za ka ci ba matsa, naman nan dama nawa ne."

Ya miƙa hannu wajen tsokar. Ban taɓa ganin hannun lafiyayyen mutum yana tafiya a hankali kamar nasa ba. Kafin ya isa, hannun Malam Inuwa ya fito daga riga ya sauka a kan naman, yatsun suka rufe. Ya taso da shi yana rawa, miya tana ɗiga a kan benci, ya wuce ƙirji, ya wuce haɓa, ya shiga baki. Ya tauna a nutse, ya haɗiye.

"Babarbare," ya ce ƙasa-ƙasa, "naman gidana ya fi ƙarfin mai ciwon baya."

Soron ya kece da dariya, hannaye suka faɗa kwano. Alhaji Modu ya goge idonsa da hannun riga yana cewa yajin Fulani ya yi yawa. Na juya zan tafi, sai Malam Inuwa ya ɗago, karo na farko bai ce mini likita ba.

"Malam Garba, ina za ka? Wanke hannu ka matso."

Na wanke, na zauna kusa da shi, na sa hannuna a kwano ɗaya da nasa.